Kuɗin Fito da Lafiyar Jirgi: Abin Dubawa Kafin Zaɓen Hanyar Aika Kirifto

Duk wanda ya taɓa aika dalar kirifto ya san wannan gaɓar. Ka rubuta adadin da za ka tura, ka liƙa adireshin mai karɓa, sai manhajar ta tsayar da kai da tambaya guda: ta wace hanya? Ga TRC20, ga ERC20, ga BEP20, ga Solana, ga Arbitrum, ga TON, kowace da kuɗin da za a cire a rubuce a gefenta. Wata dala ɗaya, wata biyu ko uku, wata ko senti goma ba ta kai ba. Ido kuwa ba ya jiran shawara, kan mafi ƙanƙantar lamba yake faɗawa, yatsa ya bi bayansa. A ganina wannan lambar da ake kallo ita ce mafi ƙanƙanta cikin abin da mai aikawa ke biya. Wanda zai ƙetare kogi ba kuɗin fito kaɗai yake tambaya ba. Yakan duba jirgin ko yana yoyo, ya duba nauyin kayan da ya ɗauko, ya kuma tabbatar akwai mafita a ɗaya gaɓar. Hanyoyin kirifto ma haka suke, kuma mafi yawan asarar da mutanenmu ke tafkawa ta samo asali ne daga tsayawa a kan tambayar farko kaɗai.

Maganar ba ta wasu can ba ce. Kamfanin Chainalysis, mai bin diddigin hada-hadar kirifto a duniya, ya sanya Najeriya ta biyu a jerin ƙasashen da talakawansu suka fi rungumar harkar a 2023, ya sake sanya ta a wannan matsayi a 2024, bayan Indiya. Ya ƙiyasta cewa kirifton da ya shigo ƙasar daga Yulin 2023 zuwa Yunin 2024 ya kai kimanin dala biliyan 59. Dalilin a fili yake. Dalar da farashinta na gwamnati yake wajen naira 460 kafin Yunin 2023 ta haura naira 1,500 a 2024, sai masu ɗan abin hannu suka shiga neman inda za su ɓoye darajar guminsu. Ga 'yan kasuwar da ke sayo kaya daga Sin da Dubai, waɗanda samun dala ta banki ya zame musu jiran gawon shanu. Ga 'yan'uwa da ke ci-rani suna aiko da na cefane, alhali Bankin Duniya ya daɗe yana nuna cewa aika dala 200 zuwa ƙasashen Afirka na kudu da Sahara yana cin kusan kashi 8 cikin 100, tsadar da ba a samu a wani yanki ba. Sannan ga ɗimbin matasan da suka shigo ta ƙofar mainin ɗin waya, daga Pi zuwa Notcoin da Hamster Kombat, suka buɗe walet kafin su san me ke ƙarƙashinta. Malamai sun yi saɓani a kan hukuncin harkar baki ɗaya, wannan fagensu ne, amma wanda ya riga ya shiga yana da haƙƙin sanin ƙasar da yake takawa.

Abin da ake kira bulokcen, kundi ne. Ka ɗauki littafin da ɗan kasuwa ke rubuta wane ya ba wane kaza, sai dai shi wannan kwafinsa yana hannun dubban kwamfutoci a ƙasashe daban-daban, kuma ba a ƙara shafi sai sun amince da abin da ke cikinsa. Kowane shafi yana ɗaure da wanda ya gabace shi, shi ya sa goge abin da aka rubuta yake da matuƙar wuya. To amma shafi yana da iyaka. Bitcoin, wanda ya fara aiki a Janairun 2009, yana buɗe sabon shafi ne kusan duk minti goma, abin da bai wuce ciniki bakwai a daƙiƙa ba. Idan masu son a rubuta nasu suka fi gurbin yawa, sai abin ya koma gwanjo, wanda ya fi tayi shi ake fara rubutawa. Nan ne asalin kuɗin aikawa, wanda a hanyar Ethereum (ERC20) ake ce wa kuɗin gas. A Disambar 2017 matsakaicin kuɗin aika Bitcoin ya haura dala 50, a ranar 20 ga Afrilun 2024 kuwa ya zarce dala 100. A ƙarshen Afrilun 2022, daren da wani kamfani ya sayar da filayen wasan kwamfuta mai suna Otherside a kan Ethereum, mutane sun biya dubban daloli a ciniki guda, wasu ma sun biya cinikin bai shiga ba. Abin lura shi ne wannan kuɗi ba ruwansa da yawan abin da ka aika, gurbi kake saya a shafi. Mai tura dala miliyan da mai tura dala ashirin farashinsu ɗaya. Dala biyu a kan dala 5,000 ba a ko jin ta, amma a kan dala 20 ushiri ce cif, ta ma fi abin da kamfanonin aika kuɗi na gargajiya ke karɓa.

Sababbin hanyoyin da suka zo da araha ba sihiri suka yi ba, ruwa ba ya tsami banza. Sun rage yawan masu rubuta kundin ne, ko kuma sun ɗora wa kowane mai rubutu sharaɗin mallakar injin mai tsada da intanet mai ƙarfin gaske, domin a riƙa buɗe shafi cikin ƙiftawar ido. A hanyar Tron (TRC20) wakilai 27 ne kacal ke rubuta shafuka, shafi ɗaya duk daƙiƙa uku. Vitalik Buterin, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Ethereum, ya daɗe yana bayyana cewa abubuwa uku ne ke jan juna a wannan gini, wato tsaro da sauri da yaɗuwar iko a hannun jama'a da yawa, kuma da wuya ka cika biyu ba ka tauye na uku ba. An ga ma'anar wannan a zahiri a Oktoban 2022, lokacin da wani ɓarawo ya sami kafa a hanyar BNB (BEP20) ya ƙirƙiro wa kansa BNB miliyan 2, kimanin dala miliyan 570. Masu rubuta kundin da ke bakin aiki a lokacin su 26 ne, aka tuntuɓe su ɗaya bayan ɗaya, suka tsayar da hanyar gaba ɗaya, ɓarawon bai tsira da fiye da kusan dala miliyan 100 ba. Wanda kuɗinsa ya kuɓuta a ranar zai ce alhamdu lillahi, kuma da gaskiyarsa. Sai dai hannun da ya iya rufe ƙofa saboda ɓarawo zai iya rufe ta saboda wani dalili, ko bisa umarnin wata gwamnati. Wanda ya zaɓi irin wannan hanya ya san cewa amanarsa tana wuyan mutane 'yan ƙalilan ne, ba a wuyan lissafi kaɗai ba kamar yadda masu talla ke faɗa.

Solana ita ce misalin da aka fi kawowa, saboda arhar ta ta kai matuƙa, aikawa ɗaya ba ta kai senti ɗaya ba a mafi yawan lokuta. Amma a ranar 14 ga Satumbar 2021 ta tsaya cik na kusan awa 17, bayan injinan saye na kai-tsaye sun yi mata ambaliyar buƙatu. Ta sake tsayawa fiye da sau ɗaya a 2022, ta yi kusan awa 19 a Fabrairun 2023, ta yi kusan awa biyar a ranar 6 ga Fabrairun 2024. Hanyar TON, wadda ke haɗe da Telegram, ta daina buɗe shafi har sau biyu a ƙarshen Agustan 2024, kowane karo na tsawon awanni, daidai lokacin da miliyoyin mutane, ciki har da matasanmu, suka yi cincirindo don kwasar kyautar tsabar kirifto ta DOGS. Masu kare waɗannan hanyoyi sukan ce ai babu wanda kuɗinsa ya ɓace, da aka tayar da injin kowa ya tarar da abinsa yadda ya bari. Gaskiya ne, kuma adalci ne a ƙara da cewa injiniyoyin Solana sun yi gyare-gyare, tsayuwar ta ragu sosai bayan 2022. Sukan kuma ce bankunanmu ma netwok ɗinsu yana ɗaukewa, wa bai taɓa tsayawa gaban mai POS an cire masa kuɗi ba su isa ba? Wannan ma gaskiya ne. Bambancin shi ne banki yana da reshe da za ka je ka zauna, da takardar koke da za ka cike, da Babban Banki a bayansa. Hanyar kirifto in ta tsaya babu ofishin da za ka nufa. Mai biyan kuɗin data zai iya jiran awa 17, amma wanda kayansa ke tashar jirgin ruwa ana lissafa masa kuɗin jinkiri, ko mai majinyaci a asibitin Alƙahira ana jiran kuɗin tiyata, shi a wurinsa awa 17 ba wasa ba ce.

Kada kuma a ɗauka tsofaffin hanyoyin sun fita fes. Tarihin Bitcoin abin jinjinawa ne, tun matsalar da ta raba kundinsa biyu na 'yan awanni a Maris ɗin 2013 bai sake tsayawa ba. Ethereum, wanda ya fara a Yulin 2015, ya sauya injinsa kacokan a ranar 15 ga Satumbar 2022 ba tare da ya rufe ba, kamar a canza wa mota inji tana tafe. Ko a Mayun 2023 da tabbatarwar ƙarshe ta ciniki ta sami tangarɗa sau biyu, shafuka sun ci gaba da fita. To amma hanyar da ke buɗe alhali kuɗin shigarta ya fi abin da ke aljihunka, a wurinka rufaffiya ce. Ranar da kasuwa ta rikice kowa ke son fita, ranar ce gwanjon ke hauhawa, wato daidai ranar da ka fi buƙatar hanyar. Saboda haka cunkoso iri ɗaya ne yake bayyana da fuska biyu. A hanya mai araha yakan rufe ƙofa ga kowa da kowa, a hanya mai tsada kuwa yakan rufe ta ga mai ƙaramin ƙarfi, ya bar mai hali ya wuce. Wanda ya fahimci wannan zai daina tambayar wace hanya ce ta fi, ya koma tambayar wace irin matsala ce shi zai iya jurewa.

Kasuwa ita ma ta ba da tata amsar, kuma amsar tana da ban sha'awa. A Najeriya da sauran ƙasashen da ake amfani da dalar USDT wajen ciniki na gaske, hanyar Tron ce ta yi kaka-gida. Da farko arha ce ta jawo mutane, lokacin da Ethereum ke cin dala goma ko ashirin. Daga baya Tron ɗin ta yi tsada, har akwai lokutan da aika USDT ya haura dala uku ga wanda bai kulle TRX, tsabar Tron, don samun rangwame ba, kuma kuɗin yakan ninka idan adireshin mai karɓa babu USDT a cikinsa. Ga kuma wani tarko da sababbin shiga ke yawan faɗawa. Mutum zai buɗe walet ya ga dala ɗari tasa a zaune, ya danna aikawa a ce masa ba zai yiwu ba, domin kuɗin fito da TRX ake biya, shi kuwa ba shi da ko ɗaya. Sai ya fita neman wanda zai sayar masa da TRX na dala biyu kafin ya taɓa kuɗinsa. Duk da haka mutane ba su watse ba, alhali akwai hanyoyin da suka fi ta araha nesa ba kusa ba. Dalilin shi ne a can masu saye suke. Mai kayan da ke Guwanzu ta Sin ita ya sani, ɗan canjin da zai ba ka naira ita yake karɓa, kowane kamfanin musaya yana da ita. Kamar yadda mai hatsi ke kai kayansa Dawanau ko da akwai kasuwar da ta fi kusa, saboda ya san a can ba zai kwana da su ba. Dalar da ke kan hanyar da babu mai karɓa a garinku, ko kyauta aka kawo ta, ba ta sayen kwanon masara.

Wannan ya kai mu ga kuɗin da allon waya ba ya nunawa, wato na shiga da na fita. Mutumin Kano ba da USDT ake biyansa albashi ba, kuma mai shago a Singa ba ita yake karɓa ba. Dole a sayi dalar da naira a wannan gefe, a sayar da ita a wancan. A ce ɗan canji ya ɗora kashi ɗaya cikin ɗari a saye, wani ya rage kashi ɗaya a sayarwa. A kan dala 1,000 an riga an ci dala 20, alhali mai kuɗin yana can yana murnar ya tsira da dala ɗaya wajen zaɓen hanya. In hanyar da ya zaɓa ba ta da masu saye da yawa, ratar takan fi haka faɗi. Ƙari a kan wannan, ƙofar ita kanta tana iya rufewa. A ranar 5 ga Fabrairun 2021 Babban Bankin Najeriya ya hana bankuna mu'amala da harkar kirifto, ciniki ya koma hannu da hannu, abin da ake kira P2P, inda ake tura wa baƙo naira a jira ya saki dala, tare da haɗarin alat na bogi da na karɓar kuɗin sata a toshe wa mutum asusu. An janye haramcin a Disambar 2023, amma watanni kaɗan bayan haka, a farkon 2024, gwamnati ta tsare jami'ai biyu na kamfanin musaya na Binance, kamfanin ya dakatar da duk harkar naira a watan Maris. Babu bulokcen ɗin da ya tsaya a ranar, ga masu kuɗi kuwa hanyar fita da suka saba da ita ta toshe. Dokar zuba jari ta 2025 ta sanya kadarorin dijital ƙarƙashin hukumar SEC, wadda tun a Agustan 2024 ta ba Busha da Quidax amincewar farko, wannan ci gaba ne, amma bai goge darasin ba.

Akwai kuma kuskuren hannu, wanda a banki ana iya gyara shi, a nan kuwa alƙalami ya bushe. Adireshin Tron da harafin T yake farawa, haruffa 34 ne. Na Ethereum da 0x yake farawa, haruffa 42. Matsalar ita ce BNB da Arbitrum da Base da Polygon duk irin adireshin Ethereum suke amfani da shi, don haka manhaja ba za ta hana ka tura ta hanyar da mai karɓa bai tanada ba. In walet ɗinsa ta kansa ce, sau da yawa ana iya gano kuɗin. In na kamfanin musaya ne wanda bai buɗe wannan hanyar ba, sai roƙo da jira, wani lokaci sai haƙuri. Mazambata ma arhar ta yi musu rana. Sukan ƙirƙiri adireshin da farkonsa da ƙarshensa suka yi kama da na abokin cinikinka, su turo maka ɗan abin da bai kai kwabo ba don ya shiga tarihin asusunka, su jira ranar da za ka kwafo daga nan cikin gaggawa. A Mayun 2024 wani ya tura kimanin dala miliyan 68 ta wannan hanya, sa'arsa ɗaya ɓarawon ya mayar daga baya. Amma arhar nan tana da nata alherin, domin ita ke ba ka damar fara tura dala ɗaya ta gwaji, mai karɓa ya ce ta iso, sannan ka saki sauran. Wanda zai aika jarinsa bai yi wannan ba don tsimin senti hamsin, bai yi wa kansa adalci ba.

Masana da dama za su ce an riga an warware rikicin da abin da ake kira hawa na biyu. Waɗannan hanyoyi ne irin su Arbitrum da Optimism da Base, masu tara dubban ciniki a wajensu, su dunƙule su, su kai taƙaitawar babban kundin Ethereum. Kamar a tara fasinjoji a mota ɗaya su raba kuɗin mai. Tun gyaran Dencun na 13 ga Maris ɗin 2024 kuɗin aikawa a kansu ya faɗi zuwa 'yan sentoci ko ƙasa da haka. Ina ganin wannan ita ce amsa mafi ƙarfi da aka bayar zuwa yanzu, ban kuma raina ta ba. Sai dai tsugune ba ta ƙare ba. A mafi yawansu injin guda ne, a hannun kamfani guda, yake jera ciniki, in ya tsaya an tsaya, kamar yadda Arbitrum ta yi fiye da awa ɗaya a Disambar 2023. Fitar da kuɗi zuwa Ethereum ta ƙofar asali yana ɗaukar kwana bakwai a irin waɗannan ukun. Wanda ba zai iya jira ba sai ya bi gada, wato manhajar da ke riƙe kuɗinka a wannan gefe ta ba ka madadinsa a wancan. Gadojin nan kuwa nan ne ɓarayi suka fi yin ɓarna a tarihin kirifto. A Fabrairun 2022 an kwashe kimanin dala miliyan 320 daga gadar Wormhole. A watan da ya biyo baya an sace sama da dala miliyan 600 daga gadar Ronin, wadda makullai tara ke tsaronta, ɓarayi suka mallaki biyar, ba a ma farga ba sai bayan kwana shida. Hukumomin Amurka sun ɗora alhakin satar Ronin a kan ƙungiyar Lazarus ta Koriya ta Arewa. Duk tsallaken da kuɗi ya yi daga hanya zuwa hanya don neman araha, ƙarin wuri ne da zai iya zubewa.

Ko hanya ta yi lafiya, saura kayan da aka ɗora mata. Dalar kirifto alkawari ce, wani ne ya ce in ka kawo ɗaya zai ba ka dala ɗaya. A Mayun 2022 dalar UST ta Terra, wadda ba ta da ajiyar dala ta gaske a bayanta sai dabarar lissafi, ta ruguje cikin mako guda, dukiyar kusan dala biliyan 40 ta bi ruwa. A Maris ɗin 2023 USDC, wadda ake yaba wa da tsafta, ta sauka zuwa kusan senti 87 saboda dala biliyan 3.3 na ajiyarta sun maƙale a bankin Silicon Valley da ya durƙushe, sai da gwamnatin Amurka ta lamunce wa masu ajiya sannan ta farfaɗo. Tether, mai USDT, hukumar CFTC ta Amurka ta ci ta tarar dala miliyan 41 a Oktoban 2021 kan bayanan da ta yi game da ajiyarta, kuma tana da ikon daskarar da kuɗin kowane adireshi, ta sha yin haka bisa buƙatar hukumomi. Wannan ikon yana nan ko a Tron kake ko a Ethereum. Wato mutum zai iya biyan tsadar hanyar da babu mai iya rufe ta, ya ɗora mata kuɗin da kamfani guda zai iya ƙullewa.

Wasu sukan ce to me ya kai mu wannan wahala, a bar kuɗin a kamfanin musaya mana, aikawa tsakanin masu asusu a kamfani ɗaya kyauta ce kuma nan take. Haka ne, amma a sani cewa wannan aikawa ba ta taɓa bulokcen ba, kamfanin ne ya gyara lamba a littafinsa, kamar uwar adashi. Masu ajiya a FTX sun gane haka a Nuwambar 2022 da kamfanin ya rufe ƙofar cire kuɗi. A gida kuma an ga CBEX a Afrilun 2025, wanda ba ma kasuwa ba ce, tarko ne da aka lulluɓe da sunan kirifto, ya tafi da guzurin dubban mutane. Kamfani mai rajista yana da amfani a matsayin mashiga da mafita, da wurin ajiye kuɗin cinikin mako. Mayar da shi rumbu shi ne abin da nake jin tsoro.

Ƙalubale mafi nauyi daga wani ɓangaren yake zuwa: in haka ne, me zai hana a tsaya ga banki da su OPay da Moniepoint? Ga cinikin cikin gida, wannan magana ba ta da amsa, gaskiya ce tsagwaronta. Tiransifa tsakanin bankunan Najeriya ba ta wuce naira 50 ba, kafin haraji, kuma takan isa cikin daƙiƙoƙi, da kuɗin da mai shayi da mai adaidaita ke karɓa. Babu bulokcen ɗin da ya doke wannan wajen sayen buhun shinkafa. Ƙasar El Salvador ta mayar da Bitcoin halastaccen kuɗi a Satumbar 2021, ta raba wa 'yan ƙasa kyautar dala 30 a manhajar Chivo, amma mafi yawansu ba su ci gaba da ciniki da shi ba, a Janairun 2025 majalisa ta janye tilascin karɓarsa. Namu eNaira da aka ƙaddamar a Oktoban 2021 shi ma bai kama kasuwa ba, domin bai magance wata damuwa da tiransifa ba ta riga ta magance ba. Inda kirifto ke da gurbi na gaske shi ne inda kuɗi zai tsallake iyaka ko ya canza launi, daga Riyad zuwa Katsina, daga Kantin Kwari zuwa Sin, ko daga nairar da ke zubewa zuwa abin da ya fi ta tsayawa.

A cikin wannan gurbin ma, nauyin kaya ne ya kamata ya zaɓi jirgi. Ɗalibin da aka biya dala 15 ladan zanen da ya yi wa wani a waje, asara ce ya bi hanyar da za ta ci dala uku. Solana ko hawa na biyu sun ishe shi, in ta tsaya yini guda ba abin da zai same shi, muddin akwai mai saye a hannunsa. Don irinsa aka gina manhajoji kamar MiniPay, wadda Opera ta fara a Najeriya a 2023 a kan hanyar Celo, inda ake cire kuɗin fito daga dalar kanta ba sai an nemi wani tsabar daban ba. Ɗan kasuwar da zai biya dala 20,000 kuɗin kwantena kuwa, bambancin dala biyar bai kamata ya shiga lissafinsa ba. Abin da zai tambaya shi ne hanyar da mai kayan ya tanada, shekara nawa ta yi ba ta tsaya ba, ko za a bi gada, da kuma minti nawa zai jira kafin cinikin ya zama ba ya komawa, wanda a Ethereum kusan minti goma sha uku ne, a Bitcoin kuwa al'ada ita ce a jira shafi shida, kimanin awa guda. Shi ma ya tura ta gwaji tukuna, ya kira mai kayan a waya su karanta wa juna adireshin, tsakiyarsa har da ƙarshensa. Lambobin kuɗin fito kuma ba a haddace su, domin gyara guda irin na Maris ɗin 2024 ya isa ya juya jerin, Ethereum ɗin da aka guje wa a 2021 yanzu yakan sauka ƙasa da dala ɗaya a ranakun da babu cunkoso, sai an duba a ranar da za a aika.